Akwatin gwajin wutar teku: wata uku ina aiki da shi a wata lise ta Yamai

Shekara 11 ke nan ina koyar da fizik a wata lise, wato babbar sakandare, da ke ƙetaren kogi a Yamai, kuma duk shekara idan muka iso babin makamashi sai in ga kaina tsaye gaban allo ina zana teku da alli, ina yi wa yaran da mafi yawansu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Isa faɗi ba bayanin yadda wasu ƙasashe ke tatsar lantarki daga motsinsa. A farkon wannan shekarar karatu ƙungiyar iyayen yara ta ware mana ɗan kuɗi don kayan gwaji, sai na je wani kantin kayan makaranta da ke kusa da Babbar Kasuwa na sayo wani akwati da aka ƙera musamman don nuna wannan aiki. Mai kantin ya sa masa jika 70, wato sefa dubu 70, muka yi ta ja har muka tsaya a jika 55. Yanzu wata uku ke nan ina aiki da shi a azuzuwa huɗu, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan gaya wa abokan aikina malamai, da iyayen da ke tunanin saya wa ƴaƴansu, abin da zai iya da abin da ya gagare shi.

Kayan da ke cikin kwalin ba su da yawa. Akwai doguwar kwatarniyar roba wadda ake ganin cikinta, tsawonta santimita 80, ana raba ta gida biyu da wani bango mai ƙofa a gindinsa. Akwai ƙaramar farfela da ke haɗe da ɗan dinamo irin injin motar wasan yara, da wani ɗan gora na roba da aka ɗaura wa maganaɗisu yana hawa yana sauka cikin naɗin wayar jan ƙarfe. Sai ƙananan ƙwayayen fitila 4, da ma'aunin ƙarfin wuta mai allura, da littafin bayani da Faransanci, da taswirar duniya da aka ɗiɗɗiga wa jan fenti a wuraren da ake da tashoshin wutar teku. Dole in yaba wa mai kantin, domin ya bar ni na buɗe kwalin a gabansa na ƙirga komai ɗaya bayan ɗaya, abin da ba kowane ɗan kasuwa ke yarda da shi ba. Inda ya zarme shi ne da ya ce mini, "Malam, wannan fa har wayarka zai cika maka idan an ɗauke wuta." Na ce, "Alhaji, ka gwada?" Sai ya yi dariya ya ce shi ma haka aka gaya masa. A wata ukun nan allurar ba ta taɓa haura volt 2 ba, alhali waya volt 5 take buƙata, saboda haka duk wanda aka tallata wa akwatin da wannan zance ya san ba gaskiya ba ne.

Babban aibin littafin yana shafinsa na farko, inda ya haɗa abubuwa biyu mabambanta a babi guda kamar abu ɗaya ne. Mu ma a Hausa mukan jefa su duka cikin "igiyar ruwa", don haka sai da na ɓata sa'a guda ina raba su kafin mu zuba ko ɗigon ruwa. Raƙuman ruwa iska ce ke haifar da su idan ta yi ta bugun saman teku a kan dogon zango, kuma ba wanda zai iya cewa ga tsayin da za su yi a watan gobe. Cika da janyewar teku kuwa aikin wata ne, shi ke jan ruwan, rana ma tana ja amma tasirinta bai kai rabin nasa ba. A mafi yawan gaɓoɓin duniya ruwa na cika ya janye sau biyu tsakanin yini da dare, kuma daga cika zuwa cika awa 12 ne da minti 25. Yaranmu sun kama wannan da sauri fiye da yadda na zata, domin duk wanda ya taso yana duban wata ya san kullum fitowarsa na jinkiri da kusan minti 50, kuma da na ce musu cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren goma sha huɗu, ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Na kuma tuna musu cewa kogin da suke ƙetarewa ta gadar Kennedy yana cika sau biyu a shekara, da jan ruwan damina wajen Agusta da Satumba, sannan da ruwan da ke gangarowa daga Gini a cikin hunturu. Na ce su ɗauka wannan cika da sauka ce ke faruwa sau biyu kowace rana, a lokacin da za a iya rubutawa a kalanda shekaru masu yawa kafin ya zo.

Ɓangaren madatsa shi ne inda akwatin ya yi rawar gani. Ana rufe ƙofar, a cika gefe ɗaya da ruwa a bar ɗayan kusan fayau, sannan a ɗaga ƙofar, ruwa ya kwararo ta cikin farfela, fitila ta kama. Ranar farko wani yaro da ke zama a layin baya, wanda tun da aka shiga shekara ban ji muryarsa ba, ya miƙe tsaye ya ce, "Mushe, a sake!" Mun sake har sau shida. Abin da ya fi amfani shi ne an zana ma'aunin santimita a jikin kwatarniyar, sai muka gwada da tazarar santimita 10 tsakanin gefen biyu, sannan da 20. A ta farko fitilar ta ɗan yi ja ta mutu nan take, a ta biyu ta yi haske sosai ta kuma jima. Daga nan lissafin ya zo da sauƙi: idan tazarar ta ninka, yawan ruwan ya ninka, tsayin da yake faɗowa ma ya ninka, don haka makamashin ninki huɗu yake yi. Shekara 10 ina rubuta wannan ƙa'ida a allo ana kwafa ana mantawa, amma bana gani ya kori ji.

Wannan ƙa'ida ce ta bayyana dalilin da ya sa ɗigon taswirar suka taru a wurare ƙalilan, kuma a nan littafin ya yi bayani mai kyau a kan tashar La Rance da ke kusa da garin Saint-Malo a arewa maso yammacin Faransa. Janar Degol, shugaban Faransa na lokacin, shi ne ya buɗe ta a watan Nuwamba na 1966. Madatsa ce mai tsawon kusan mita 750 a bakin kogin da ke shiga teku, da injuna 24, kowanne megawat 10, jimilla megawat 240, a wurin da tazarar cika da janyewa ke kai wa mita 8 a matsakaici, ta haura 13 a manyan ranaku. Tana ba da kimanin kilowat-awa miliyan 500 a shekara. Na sa ƴan ajin ƙarshe su lissafa abin da za ta bayar da a ce injunan na aiki da cikakken ƙarfi dare da rana, suka samu sama da miliyan 2,000, wato abin da take bayarwa kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu. Littafin bai yi wannan lissafi ba, kuma ya kamata ya yi, domin idan ruwan ciki da na waje suka daidaita injuna tsayawa suke yi, ko da kuwa a lokacin ne ake tsananin buƙatar wuta. Duk da haka tashar da ta haura shekara 50 tana aiki ba abar rainawa ba ce.

An rubuta a kwalin cewa gwajin kwaikwayon La Rance ne, amma ba haka na tarar ba. Injunan La Rance an ƙera su ne su iya ba da wuta ko ruwa na shiga ko yana fita. Farfelar akwatin kuwa idan ruwa ya juyo ta baya tana juyawa, amma fitila ba ta kamawa, domin wutar ta sauya hanya kuma irin waɗannan ƙwayaye hanya ɗaya suke karɓa. Sai an cire wayoyin an musanya su da hannu, kuma littafin bai ambaci haka ko da layi ɗaya ba, har na yi rabin yini ina zaton dinamon ne ya ƙone. Da na gano, sai na mayar da aibin darasi, na ce wa yara akwatinmu ya fi kama da tashar tafkin Sihwa ta Koriya ta Kudu, wadda ita ma hanya ɗaya take ba da wuta, lokacin da teku ke cikowa. Ita ce mafi girma a duniya tun 2011, da injuna 10 masu ba da megawat 254. Labarinta ma abin ji ne: an gina katangar tun 1994 don a tare ruwa a samu fili da ruwan noma, sai ruwan da aka killace ya gurɓace, aka koma buɗe wa teku hanya ya riƙa wanke shi, aka dasa injuna a mashigar. Wato katanga, wadda ita ce mai cin kuɗi, an riga an gina ta don wata buƙata dabam.

Daga nan ne littafin ya fara ba ni haushi. Taswirarsa ta nuna tashar Annapolis ta Kanada a matsayin mai aiki, alhali wannan tasha mai megawat 20, da aka buɗe a 1984 a yankin mashigin Fundy inda tazarar ruwa ke kai wa kusan mita 16, ta daina aiki tun 2019 bayan injinta ya lalace, ga kuma ƙorafin da aka daɗe ana yi kan kifayen da take kashewa. Bai ce komai a kan laka da ke taruwa a bayan madatsar La Rance ba, bai kuma ambaci cewa gwamnatin Birtaniya ta ƙi amincewa da shirin tafkin Swansea mai megawat 320 a 2018 saboda tsada ba. Ɗalibin da ya dogara da wannan littafi kaɗai zai ɗauka duk abin da aka dasa a teku yana nan yana aiki lafiya lau.

Akwai kuma hanya ta biyu ta cin moriyar cika da janyewa, wadda ba ta buƙatar madatsa, inda ake kafa farfela a ƙarƙashin ruwa a mashigi mai ƙunci da ruwa ke gudu da ƙarfi, kamar injin iska da aka nutsar. Littafin ya ba ta shafi biyu amma akwatin ba shi da abin gwada ta, sai da na samo guntun indararo na karkata shi, yara na zuba ruwa da bokiti. Ruwan teku ya fi iska nauyi sau 800 da ɗoriya, kuma idan gudunsa ya ninka ƙarfin da ake samu ninki takwas yake yi, shi ya sa ƙaramar farfela ke yin aikin babba. A mashigin Pentland da ke arewacin Sikotilan akwai aikin MeyGen mai injuna 4, kowanne megawat 1.5, da aka fara kafawa a 2016, sannan a tsibiran Orkney, inda aka kafa cibiyar gwajin makamashin teku ta Turai a 2003, an ɗaure wani inji mai shawagi da ake kira O2, mai megawat 2, a 2021. Kafin su akwai SeaGen a mashigin Strangford na Ailan ta Arewa, wanda ya fara aiki a 2008 da megawat 1.2, daga baya aka cire shi. A gaɓar wannan ruwa na Strangford ne masu tonon tarihi suka gano ragowar wani injin niƙa da cikar teku ke juyawa, wanda aka gina wajen shekara ta 619, shekaru uku kafin Hijira. Wannan ba ya cikin littafin, amma yara sun fi riƙe shi a kan duk alƙaluman megawat.

Ɓangaren raƙuman ruwa kuwa, an yi ba a yi ba. Ana kaɗa ruwan da wani ɗan filafili na roba, gora ya yi sama ya yi ƙasa, maganaɗisu ya ratsa naɗin waya. Tunanin daidai ne, kuma yaran da iyayensu masunta ne sun gane goran nan take. Amma kwatarniyar ta yi gajarta, raƙumin da aka tura yana bugun bango ya dawo ya ci karo da na bayansa, sai gora ya riƙa rawa ba tsari. Allurar ma'auni tana ɗan girgiza kawai, fitila kuwa sau biyu na ga ta ƙifta, shi ma sai da muka rufe tagogi muka yi duhu. Wani ɗalibi ya dage da kaɗawa har ruwa ya fantsamo ya jiƙa rajistar aji. A mako na uku gindin bangon ya fara yoyo, sai da na kai wa mai faci na bakin hanya ya yanko mini robar tayar babur muka liƙa.

Sai dai in za a yi adalci, gazawar nan ta yi kama da tarihin abin da take kwaikwayo. Tun 1799 wani Bafaranshe mai suna Girard da ɗansa suka yi rajistar dabarar amfani da raƙuman ruwa a Paris. A 1974, bayan tashin farashin man fetur na 1973, Stephen Salter na jami'ar Edinburgh ya fito da na'urar da ake wa laƙabi da agwagwa, wadda ta yi abin mamaki a tafkin gwaji amma ba ta kai ga zama tasha a teku ba. A 2008 aka buɗe gonar Aguçadoura a gaɓar Fotugal da injunan Pelamis guda 3 masu kama da dogayen macizai na ƙarfe, jimillarsu megawat 2.25, amma cikin ƴan watanni aka janye su zuwa tashar jiragen ruwa, kamfanin da ya ƙera su kuma ya durƙushe a 2014. Ita ma taswirarmu ta ɗiga mata jan fenti kamar tana nan. Wadda ta jure ita ce ta Mutriku a arewacin Sipaniya, da aka buɗe a 2011 cikin katangar kare tashar jiragen ruwa, inda raƙumi ke shiga wani ɗaki ya tura iska ta juya injuna 16, amma duka ƙarfinta kilowat 296 ne, wanda bai kai na babban janareta guda ba. Matsalar ita ce dole a ƙera inji mai jin ɗan motsin ranar da teku ya kwanta, wanda kuma zai tsira a daren guguwa.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya cikin littafin wanda nake ba kowane malami shawarar ya yi, amma da sharaɗi. Na auna giram 35 na gishiri a kowace lita, daidai da na ruwan teku, na cika kwatarniyar na bar ta a ɗakin ajiya. Bayan mako biyu kusoshin da ke riƙe dinamon sun yi jawur da tsatsa, sandar farfela ta fara cijewa, sai da na wanke ta na ɗiga mata man keken ɗinki kafin ta saki. A matsayina na mai saye wannan aibi ne, domin kayan da aka ƙera don ruwa bai kamata a sa musu kusoshin baƙin ƙarfe ba. A matsayina na malami kuwa, na zagaya da kusoshin nan layi layi, kuma ba sai na yi dogon bayani kan abin da ke sa gyaran inji a ƙarƙashin teku ya yi tsada ba. Sharaɗin shi ne a cire dinamon tukuna, a jefa ƙusa ta dabam a ciki.

Kan tsadar ma littafin ya yi gum. A gwanjon da gwamnatin Birtaniya ta yi a 2022, farashin da aka lamunce wa wutar farfelar ƙarƙashin teku ya kai fam 178 da ɗoriya a kan kowace megawat-awa, alhali na injunan iska da ke cikin teku fam 37 ne da ɗoriya. Kuma idan aka tara duk wutar teku da aka girka a duniya, megawat 500 ne da ƴan kai, wanda La Rance da Sihwa kaɗai suka kwashe 494. Wata ɗaliba da ta ji haka ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, mu da ba mu da teku, me ya kai mu?" Tambayar ta dace. Kwatano, inda teku ya fi kusa da mu ta hanyar mota, kusan kilomita 1,000 ne daga Yamai, kuma a can ma tazarar ruwan ba ta kai mita 2 ba. Na ce mata ba na koyar da wannan don a gina shi a Nijar, sai don ƙa'idar tsayi da yawan ruwa da suka gani a kwatarniya ita ce za ta juya injunan madatsar Kandaji mai megawat 130, tambayar da muka yi wa La Rance kuma, ta awa nawa take aiki a cikin 24, ita ce ya kamata su yi wa tashar hasken rana ta Gorubanda mai megawat 30 da ke nan kusa da mu, da ta Malbaza mai megawat 7.

Ga makarantar da za ta yi amfani da shi a azuzuwa da yawa, kuma take da malamin da zai zauna ya gyara kurakuran littafin da jan biro kafin ya miƙa wa yara, ina ganin kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ko don ɓangaren madatsa kaɗai. Ga uban da ke son saya wa yaro ɗaya a gida, jika 55 sun yi yawa ga abin da rabinsa ba ya aiki, kuma da baho biyu da tiyo da injin tsohuwar motar wasa za a iya haɗa mafi yawan abin da ke da amfani a cikinsa. Wanda zai saya ya tabbata ya buɗe kwalin a kanti, ya duba robar gindin bangon, ya kuma tambayi kayan sauyi tun kafin ya biya, abin da ni ban yi ba. Makon jiya fiffike ɗaya na farfelar ya karye a hannun wani ɗalibi, na koma kantin neman wata. Alhaji ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mini shayi, sannan ya ce ba a sayar da farfelar ita kaɗai, amma akwai sauran akwati ɗaya a sito, kuma tunda ni ne zai bar mini shi a jika 50.